Ƙwai Daga Tsohon Gidanmu

Shekarun baya, a ranin da na ɗauko mahaifiyata na dawo da ita wurina a Wurno, na tsunduma cikin wata harka da ban san kanta ba, wato neman irin kaza mai yawan ƙwai da zan ƙyanƙyashe a gida. Ni ba mai kiwo ba ne. Sana'ata gyaran injin ban-ruwa, tun ina saurayi nake bin fadamun Wurno da Rabah da jakar kayan aiki ɗaure a bayan babur. In aka saki ruwan dam, manoman albasa da tafarnuwa ba sa bari na in zauna. Abin da na sani game da kaza a lokacin bai wuce yadda ake cin ta ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Shinaka. Mahaifina ya rasu kafin zaman wurin ya lalace, Allah ya jiƙansa, mahaifiyata kuma ta ƙi barin ɗakinta duk da roƙon da na sha yi mata. Sai da wata safiya 'yan bindiga suka shigo, gari ya watse, aka ɗauko ta a bayan wata motar hatsi tare da maƙwabta zuwa Goronyo. Can na je na same ta zaune a gindin bango, ba ta fito da komai ba sai tufafin da ke jikinta.

Mun gyara mata ɗaki, matata ta riƙe ta hannu biyu, jikoki suna ta zagaya ta. Amma Inna ba ta sake ba. Za ta yi salla, ta zauna a tabarma, ta ɗan taɓa tuwo ta ture kwanon. Matar da na sani da faɗa da tsokana ta koma sai an yi mata magana uku take amsa ɗaya. Wuyanta ya rame har ana ganin ƙashi. Muna da wata maƙwabciya ma'aikaciyar asibiti, Kirista ce daga wajen Zuru, mutuniyar kirki, ita ce take shigowa ta auna mata jini. Wata rana ta ja ni waje ta ce, “Ban ga ciwo a jikin Mama ba. Abin da ta rasa shi ne dalilin tashi da safe.”

Abin da ya fi damu na kuwa wata magana ce da Inna take yawan maimaitawa.

“Ina son in tahi gida in dawo.”

“Inna, mi za ki yi can? Babu kowa garin.”

“Akwai abin da za ni dubowa.”

In na tambaye ta ko mene ne, sai ta kau da kai. Na ɗauka kewar kabarin mahaifina ce, ko ɗakinta. Na riƙa lallashi ina cewa sai hanya ta yi kyau. Ranar nan ina fadama hannuna duk baƙin mai, wani ɗan acaɓa da ya san ni ya kira ni a waya, ya ce ga tsohuwata nan a tasha tana tambayar motar Goronyo. Na bar injin mutane a kwance na taho. Na same ta da mayafinta da 'yar ledar goro, ba ta musa ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Ta hau bayan babur muka koma gida. A ranar na gane cewa in ban samo abin da zai riƙe ta ba, wata rana za ta tafi ban sani ba, kuma hanyar nan ba kowa ke dawowa daga cikinta ba.

Sai kaji suka faɗo mini a rai. A ƙauye an san Inna da kaji. Tsakar gidanta kullum cike yake da su, duk baƙon da ya sauka sai ya ci ƙwai, duk jikan da aka yi wa kaciya ita ke ba da zakara. Na je mata da shawarar ina murna, kamar na gano maganin duniya.

Ta ce, “Ba ni ƙara kiyon komi.”

Na ce to, ni zan yi. A raina na shirya cewa ba manyan kaji zan sayo ba. Ƙwai zan kawo in ƙyanƙyashe a gabanta, don abu ne mai ɗaukar sati uku ana lallaɓa shi, ko ba ta so idonta zai riƙa kaiwa wurin. Tunda kuma zan yi, na ce sai irin da ya fi kowane yawan ƙwai, yadda gida zai ci har a ba maƙwabta.

Maƙwabciyarmu ta ce ita dai ta san jajayen kajin gidan gona, kusan kullum sai sun saka. Ban tsaya neman ƙarin bayani ba. Na je shago na zaɓo manyan ƙwai jajaye masu sheƙi, ina ɗaga kowane ina dubawa kamar masani. Na samo mataccen firji wurin wani mai gyara, na huda shi sama da ƙasa, na shimfiɗa raga a ciki, na sa kwanon ruwa, na kunna fitilar kananzir daga ƙasa. Maƙwabciyar ta ara mini ma'aunin zafi. Na girke abin a rumfa, daidai inda Inna take shimfiɗa tabarmarta. Ni a ganina duk abin da ke aiki da zafi da iska inji ne, inji kuwa ba ya gagara ta.

An kwana biyu ina fama, sai wani abokina ya zo daga Achida. Shi sana'arsa ke nan, saye da sayar da kaji a kasuwanni. Na buɗe masa firjin ina jiran yabo. Ya duba, ya yaba haɗin, sannan ya tambayi inda na samo ƙwan. Na faɗa masa. Ya shafa gemu, ya ce:

“Kajin da sunka saka wannan ƙwai, cikin keji suke. Ba su taɓa ganin zakara ba tun da anka halicce su. Dahwa su kake yi a hankali.”

Matata ta shige ɗaki da sauri don kar in ga dariyarta. Na saci kallon Inna. Kanta yana sunkuye, amma na ga kafaɗarta ta motsa. Wannan ɗan motsin ya rage mini kunya sosai.

Ranar kasuwar Achida abokina ya zagaya da ni layin 'yan kaji, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce jajayen gidan gona gaskiya ne babu mai kama su a yawan ƙwai, amma ba sa kwanci, sai abincin buhu, kuma zafin bazara yana kayar da su. Kajinmu na gida za su saka kaɗan su tsaya su kwanta a kai, sai dai sun san rana, sun san shaho, suna nemo rabin abincinsu da kansu. Ya nuna mini kazar Fulani mai dogayen ƙafafu, ya nuna mini mai tsiraicin wuya wadda ya ce zafi ba ya damun ta. Sannan akwai 'yan ruwa-biyu, haɗin na waje da na gida, ƙwansu ya fi na gida yawa, ƙarfinsu ya fi na waje. Ya ce in duba gidana da abin da zan iya ciyarwa kafin in zaɓa.

Na saurare shi da kyau, sannan na bi son raina. Ya kai ni wurin wani mai kiwo a Marnona da yake ajiye zakaru tare da kajinsa, na ɗebo ƙwan 'yan ruwa-biyu, na kuma nace sai da aka haɗa mini da na jajayen. Har lokacin lissafin tulin ƙwai nake yi.

Na sake loda firji. Aikin ashe ba wasa ba ne. Sai an juya ƙwan safe da rana da yamma, a duba ruwa, a rage lagwani in rana ta take, a ƙara in gari ya yi sanyi. Ana cikin haka babban injin wasu manoman shinkafa ya tsaya a Rabah, shuka tana neman ƙonewa, dole na tafi na kwana can har na gama. Na bar wa matata amana, alhali na san tana fama da laulayin ciki, ko warin kananzir ba ta iya shaƙa.

Da na dawo, kafin in cire takalmi na buɗe firjin. Kowane ƙwai an yi masa ɗan zane da gawayi a gefe ɗaya, don a gane wanda aka juya. An ware wasu kaɗan a cikin kasko. Matata ta ce ba ita ba ce, ta nuna tabarma da ido.

Na ce, “Inna, sannu da aiki.”

Ta ce, “Ba aiki na yi ba. Tausai sunka ba ni. Waɗancan na kasko ka zubar, babu komi cikinsu.”

Wajen rabin ƙwan suka fashe, 'yan tsaki suka fito. Ranar da na farko ya huda ɓawo, Inna ce ta ji kukansa kafin kowa, ta kira yara su zo su gani amma kar wanda ya taɓa. Daga nan ban ƙara sanin inda aka dosa ba. Ta karɓe su, ta sa a babbar ƙwarya da tsumma, ta sa aka ɓarza mata gero, tana jiƙa musu da hannunta. Ta fara faɗa da jikoki a kan barin ƙofa a buɗe. Ta fara cinye tuwonta, wani lokaci har ta ce miya ta yi gishiri. Maƙwabciyarmu ta shigo ta gan ta tana korar kyanwa da muciya, ta dube ni ta yi murmushi. Ni kuwa na shiga gaya wa mutane a majalisa yadda ake ƙyanƙyasa, kamar wanda ya gada.

Gab da faɗuwar damina ciwon kaji ya shigo unguwarmu. Gida gida aka riƙa kwasar gawa. Namu sun tasa, sun yi fuka-fukai, mun ma ɗiga musu rigakafi, amma bai hana ba. Jajayen ne suka fara. Za ka ga kaza ta tsaya ta saki fiffike tana gyangyaɗi, kafin yamma ta tafi. Sai 'yan ruwa-biyun suka bi. Inna ta yi duk abin da ta sani, ta jiƙa saiwoyi, ta raba masu ciwo da masu lafiya, ta share wurin ta zuba toka. 'Yan kaɗan ne suka tsira.

Wata la'asar na shigo na same ta zaune a bakin rumfa da wata matacciyar budurwar kaza a cinyarta, tana kuka. Ko da mahaifina ya rasu ban ga hawayenta ba, a ɗaki ta yi abinta. Na ce a raina na kawo wa baiwar Allah nan abin da za ta so, don kawai ta sake rasa shi. Na durƙusa gabanta na ce ta yi haƙuri, zan sayo wasu.

Ta girgiza kai. Sannan ta ce:

“Ranar da munka hito, ban buɗe musu ba.”

Ban gane ba. Na ce, “Wa, Inna?”

“Kajina. Kullum da magariba nikan ruhe akurki in danne da dutse saboda muzuru. Da sahe in na gama salla in buɗe. Ranan nan ina sallamewa na ji harbi, anka ce a gudu, na gudu. Sai da mota ta yi nisa na tuna.” Ta share ido da gefen mayafi. “Suna ciki suna jira na. Babu ruwa, babu tsaba, ga zahin nan. Da hannuna na danne dutsen. In na kwanta ina jin su.”

Na ce, “Shi ne abin da kike son dubowa? Mi ya hana ki hwaɗa mani?”

Ta ce, “Mutane sun rasa ɗiyansu, wasu mazansu. Ni in buɗe baki in ce kaji?”

Watanni tana ɗauke da wannan ita kaɗai, muna gida ɗaya, ni ina can ina auna zafin firji. Na ce gobe zan shirya in je in gano mata. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce in na taka hanyar nan ba ta yafe ba. Ita da take neman tafiya da ƙafarta, ni ta hana ni.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, yana kamun kifi a dam ɗin Goronyo. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na san wani lokaci yakan bi mazan garinmu su shiga da rana su duba gonaki su fito kafin yamma. Na kira shi na gaya masa komai. Na zaci zai yi mini dariya yadda ya saba. Bai yi ba. Ya ce, “To, bari mu gani.”

Bayan 'yan makonni sai ga shi a babur, da ƙullin busasshen kifi da wani kwano da aka ɗaure da tsumma. Ya gaida Inna har ƙasa, ya kwance kwanon a gabanta. Ƙwai ne ƙanana farare, an jera su cikin ƙaiƙayi.

Ya ce, “Inna, na shiga gida. Akurki buɗe yake, marhin ya hwaɗi gehe, ko iska ko wata dabba ta ture shi. Kajinki suna nan, sun zama na daji, bisa tsamiya suke kwana. Ba su bari a matso su. Wannan ƙarƙashin rumbu na same su.”

Inna ta dube shi. Ta ce, “Wake-waken nan mai ɗingishi, tana nan?”

Ya ce, “Na ga wata irinta, da ɗiya biye da ita.”

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta juya shi a tafin hannunta, ta kai kunne, ta mayar. Sannan ta ce, “Alhamdu lillahi. Allah shi yi maka albarka, shi tsare ka.” Ta tashi da kanta ta ɗebo masa ruwa, ta sa aka dama masa fura. Ranar ta yi hira har da labarin yadda taubashin nawa ya taɓa faɗawa rijiya yana yaro.

Ta ce wannan ƙwan ba za a sa shi a firjina ba. Ta aika gidan wata tsohuwa a bayan layinmu da ciwon bai shiga ba, aka aro mata kaza mai kwanci, ta gyara mata wuri a tsohuwar tukunya. Na ɗan ji haushi, amma na bar ta. Kusan duka suka fashe. Da 'yan tsakin suka fara fitar da launi, Inna ta zauna tana rarraba su, wannan jikar wake-wake ce, wancan ƙafar jan zakaranta ya ɗauko, waccan kuma rashin kunyar uwarta ta kwaso. Tun daga ranar ba ta ƙara cewa za ta tafi gida ba.

A cikin 'yan ruwa-biyun da suka tsira akwai zakara ɗaya ƙaƙƙarfa. Abokina na Achida ya ba da shawara a bar shi tare da kajin Inna, ta yarda bayan ta gama kushe tafiyarsa. 'Ya'yan da suka fito su ne irin da muke da shi har yau. Ba su kai jajayen gidan gona yawan ƙwai ba, amma sun fi na gida nesa, suna kwanci da kansu, bazara kuma ba ta kayar da su. Yanzu in wani ya tambaye ni irin da zai ƙyanƙyashe a gida, abin da nake faɗa masa ke nan. Ya tabbatar akwai zakara a inda ya sayo ƙwan, ya yi rigakafi, ya kuma zaɓi kazar da za ta iya zama da zafin garinsa da abincin gidansa, ko da ƙwanta bai cika kwando ba. Firjin nan yanzu dusa muke ajiyewa a ciki.

Abin da ya fi zama mini a rai ba kajin ba ne. Na koyi cewa mutum yana iya zama kusa da kai yana ramewa a kan abin da yake jin kunyar faɗa, don yana ganin ya yi ƙanƙanta a gaban asarar wasu. Na tambayi Inna me za ta dubo, amma tambayar mai son a yi shiru na yi mata, ita ma ta gane haka.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Ƙwan da taubashina ya kawo sun yi tsabta da yawa, girmansu kusan ɗaya. Bayan na ƙara sanin harkar na gane cewa ƙwan da aka tsinta a kango, wani sabo wani tsoho, ba ya fashewa haka gaba ɗaya. Daga baya ma na ji cewa a 'yan makonnin nan ba a cika samun mai shiga garinmu ba. Wataƙila ya shiga ɗin, shi mutum ne mai taurin kai. Wataƙila kuma a kasuwar Goronyo ya zauna ya zaɓo su ɗaya bayan ɗaya. In ni da na fara jiya na lura da wannan, Inna da ta shekara hamsin tana riƙe ƙwai ba za a ce ba ta lura ba.

Tana nan da ranta, ta tsufa sosai, amma ita ke buɗe akurki kowace safiya. Taubashina yakan zo da kifi lokaci lokaci, ta sa a kama masa zakara, ya yi ta ƙi tana matsa masa. A sunan ɗana na ƙarshe mun keɓe ni da shi a zaure, na buɗe baki na ce, “Wai ƙwan nan da ka kawo wa Inna...” Ya ɗago ya dube ni, ya turo mini kwanon gabansa.

Ya ce, “Ci abinci, shina hucewa.”

Na sa hannu muka ci.